Yadda tufkar DNA ke sarrafa aikin topo'aisomares

Tambaya: Malam, barka da aiki. A ɗakin gwaji na zuba topo'aisomares I na bakteriyar E. coli, wato enzayim mai yanka DNA ya sassauta murɗinta, a kan filasmid (ƙaramin zoben DNA) iri biyu. Wanda murɗinsa ke da alamar ragi ya saki, amma bai saki duka ba. Mai alamar ƙari kuwa ko gezau bai yi ba. Da na gwada enzayim ɗin da ake tatsowa daga ƙwayar alkama, sai duka biyun suka saki sarai. Shin na farkon lalacewa ya yi, ko kuwa yanayin murɗin DNA ɗin ne ke da hannu?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, 'yata. Kada ki zubar da enzayim ɗinki, lafiyarsa ƙalau. Abin da kika gani a jel, wato daskararren abin da ake rarrabe DNA a cikinsa da lantarki, shi ne abin da James Wang ya gani a 1971, lokacin da ya fara tsamo wannan furotin daga E. coli ya raɗa masa suna omega: yana sassauta DNA mai ragi, ba ya taɓa mai ƙari. Na ji daɗin tambayar, domin ɗalibai da yawa suna fita daga aji da tunanin cewa topo'aisomares almakashi ne kawai, ya yanka, ya liƙe, shi ke nan. Alhali kowane iri daga cikinsu akwai abin da yake lalubawa a jikin DNA kafin ya yi aiki, kuma murɗin ne ke samar da wannan abin ko ya ɓoye shi.

Mu fara daidaita kalmomi. Ɗauki DNA a matsayin igiya mai sili biyu da aka tufka. Idan an bar ta ta sake, silin biyu suna zagaya juna sau ɗaya a kowane tagwayen haruffa 10.5 ko kusa da haka (haruffan su ne A, T, G da C, na sili ɗaya yana haɗuwa da na ɗayan). To, idan aka haɗa bakin igiyar biyu ta zama zobe, kamar filasmid ɗinki, adadin sau nawa sili ɗaya ya sarƙe ɗan'uwansa ya kulle ke nan. Wannan adadi shi ake rubutawa Lk, kuma ba ya canzawa sai an yanka sili. Yana rabuwa gida biyu: Tw, wato tufkar silin biyu a kan juna, da Wr, wato kanannaɗewar igiyar gaba ɗayanta a kan kanta. Lk daidai yake da Tw a tara da Wr. Filasmid mai tagwayen haruffa 4,200 idan ya sake, Lk ɗinsa 400 ne. Amma wanda kika tsamo daga E. coli za ki same shi da ragin kusan kashi 6 cikin 100, wato wajen 376. Ragin nan na 24 dole ya bayyana a wani wuri. Kusan kashi 70 cikin 100 nasa yana fitowa a matsayin kanannaɗewa, sauran kuma a matsayin sassaucin tufka. Wannan nake kira tufkar ragi. Idan kuma Lk ya haura 400, tufkar ƙari ke nan. Jerome Vinograd da abokan aikinsa ne suka fara gane wannan hali a 1965, a cikin DNA ɗin bairos ɗin poliyoma.

Abu ɗaya da nake so ki riƙe tun yanzu: makamashin da ke daskare a cikin murɗi ba ya hawa daidai da adadin murɗin, yana hawa ne da ninkin adadin a kansa. Filasmid mai ragin 24 yana ɗauke da makamashi ninki 4 na mai ragin 12. Shi ya sa murɗin farko yake da sauƙin cirewa, na ƙarshe kuma yake da taurin kai.

Yanzu ga enzayim ɗinki. An kasa topo'aisomares, ko topo a taƙaice, rukuni-rukuni; shi ɗan rukunin IA ne, kuma ba ya iya kama DNA mai sili biyu a haɗe. Sai ya sami ɗan wurin da silin suka rabu, ya kwantar da sili ɗaya a cikin wani kwarmi da ke jikinsa, ya yanka shi da tayirosin ɗinsa (ɗaya daga cikin tubalan jikin furotin) wanda ke maƙalewa a bakin 5' (bakin sili biyu ana kiran su 5' da 3'), ya buɗe giɓin, ya wuce da ɗaya silin ta ciki, sannan ya ɗinke. Kowane zagaye yana ƙara Lk da 1. Tambayar ita ce, ina zai sami sili guda a cikin filasmid? Tufkar ragi ce ke ba shi. DNA mai ragi kullum tana neman buɗewa, musamman a wuraren da haruffan A da T suka yi yawa, don haka enzayim ɗin ba ya shan wahala wajen raba silin. DNA mai ƙari kuwa ta matse, raba silinta ƙara mata matsi ne, sai enzayim ɗin ya rasa wurin sa hannu. Ga kuma amsar rabin tambayarki na farko: yayin da yake cire ragin ɗaya bayan ɗaya, yana cinye abin da ke buɗe masa ƙofa ne. Yana farawa da sauri, ya dinga ja baya, ya tsaya alhali akwai sauran ragi a jikin filasmid ɗin.

Akwai gwajin da ya tabbatar da wannan, kuma ina matuƙar son sa saboda sauƙinsa. A 1985 Karla Kirkegaard da Wang suka haɗa DNA mai tufkar ƙari wadda ke da ɗan kumburin sili guda a jikinta. Nan take enzayim ɗin E. coli ya sassauta ta. Ashe ba alamar ƙari yake ƙi ba, wurin kamawa ne ba ya samu. Ɗan'uwansa topo III ya ma fi shi buƙatar sili guda, shi ya sa ba ya taɓuka abin kirki wajen sassauta filasmid, aikinsa ya fi karkata ga raba zoben da suka sarƙe a inda akwai giɓi, sau da yawa tare da helikes, wato enzayim mai raba silin DNA biyu, irin RecQ.

Na alkama kuwa ɗan rukunin IB ne, dangin topo I na ɗan'adam. James Champoux da Renato Dulbecco ne suka fara ba da labarin irinsa a 1972, daga ƙwayoyin halittar ɓera. Sunan ne kawai ya haɗa shi da na E. coli, amma gini da dabara daban suke. Shi yana rungumar DNA mai sili biyu kamar ƙawanya, ya yanka sili ɗaya, ya riƙe bakin 3', ya bar ɗaya ɓangaren ya juya a kan silin da bai yanku ba. Ba ya buƙatar ATP, sinadarin da ƙwayar halitta ke samun makamashi daga gare shi, ba ya buƙatar silin su rabu. Ƙarfin juyin da ke cikin DNA ɗin ne ke yin aikin, kuma igiyar da aka murɗa za ta warware ko ta wace fuska aka murɗa ta. Wannan ne dalilin da filasmid ɗinki biyu suka saki.

Amma kada ki ɗauka murɗi ba ya shafar sa. Ɗakin binciken Nynke Dekker a Delft ta ƙasar Holan ya auna wannan a kan zaren DNA guda ɗaya tak, aka wallafa a 2005. Sun nuna juyin ba sakaka yake ba, akwai gogayya tsakanin DNA da jikin enzayim ɗin, kuma a kowane zagaye akwai yiwuwar bakin da aka yanka ya koma wurinsa a ɗinke. Idan ƙarfin juyi ya yi yawa, DNA tana zagayawa sau da dama kafin ɗinkin ya kama. Idan ya yi ƙasa, zagaye kaɗan ake samu a kowane yanka. Ke nan IB ba ruwansa sosai da fuskar murɗi, girmansa yake ji.

Rukuni na II ne inda al'amarin ya fi daɗi, kuma ya fi wuya. Waɗannan suna yanka silin biyu gaba ɗaya a wani yanki, su wuce da wani yankin DNA cikakke ta cikin giɓin, da taimakon ATP. Don haka Lk yana canzawa da bibbiyu, abin da Patrick Brown da Nicholas Cozzarelli suka nuna a 1979. Lura da abin da wannan dabara ke buƙata: yankuna biyu na DNA su gitta juna a gaban enzayim ɗin. Su gicciye suke nema. DNA mai kanannaɗewa cike take da gicciye, shi ya sa suka fi manne wa DNA mai murɗi fiye da wadda ta sake. Kuma gicciye yana da hannu. Tufkar ragi tana kanannaɗewa ta hannun dama, tufkar ƙari ta hannun hagu, kuma kusurwar da igiyoyin ke haɗuwa ta bambanta a tsakaninsu.

Topo IV na E. coli yana jin wannan bambanci sosai. Ɗakin Cozzarelli tare da masu bincike a Faransa sun auna a shekarar 2000 cewa yana cire tufkar ƙari da sauri kusan ninki 20 fiye da ta ragi. A kan mai ƙari yakan zauna ya yi ta cirewa bi da bi ba tare da ya sauka ba. A kan mai ragi kuwa ya yi ɗaya ya sauka, sai ya sake nemo wuri. Hikimar a bayyane take: bakteriya ta kashe ATP ta tara ragi a jikin DNA ɗinta, ba ta son wani enzayim ya zo yana tufka da warwara a bayanta. Sai dai akwai sarƙaƙiya a nan da masana suka daɗe suna kai-kawo a kanta. Babban aikin topo IV shi ne raba zoben DNA biyu da suka sarƙe bayan an kwafa, kuma wannan sarƙar ta hannun dama ce, irin hannun tufkar ragi. Ta yaya zai ƙi ɗaya ya karɓi ɗaya? Bayanin da ya fi gamsar da ni shi ne na kusurwa. Zobba biyu da ba su matse ba suna lilo, suna gitta juna ta kusurwoyi iri-iri, har da wadda enzayim ɗin ke so. Igiyar da ta kanannaɗe tam a kan kanta ba ta da wannan sararin.

A jikin ɗan'adam ma akwai makamancin haka. Muna da topo II iri biyu, alfa da beta. Ɗakin Neil Osheroff ya nuna a 2005 cewa alfa yana cire tufkar ƙari da sauri kusan ninki 10 fiye da ta ragi, beta kuwa ba ya bambancewa. Bambancin yana wutsiyar furotin ɗin ne, ɓangaren da ya fi saɓawa tsakanin su biyun. Alfa shi ne wanda ke yawaita a ƙwayoyin halitta masu rabuwa, inda kwafar DNA ke tara ƙari.

Sai jaires, wani ɗan rukunin II na bakteriya, wanda Martin Gellert da abokan aikinsa suka gano a 1976. Shi ba ya jiran gicciye ya zo masa, da kansa yake ƙirƙira. Yana naɗe DNA mai tsawon tagwayen haruffa wajen 130 a jikin wani ɓangare na GyrA, ɗaya daga cikin furotin ɗin da suka haɗu suka yi shi, naɗin da ke samar da gicciye mai alamar ƙari, sannan ya wuce da yankin ta cikin giɓin, gicciyen ya koma mai alamar ragi. Lk ya sauka da 2. A kan DNA mai ƙari wannan naɗi yana zuwa da sauƙi, domin DNA ɗin dama can ta karkata, sai ya yi ta aiki da hanzari. A kan wadda ta sake yana cusa ragi. Amma kowane ragin da ya cusa yana sa na gaba ya fi tsada, saboda lissafin makamashin da na faɗa miki, kuma naɗin kansa yana ƙara wuya. A cikin kwalbar gwaji yakan kai ragin kusan kashi 10 zuwa 11 cikin 100 ya tsaya. Inda zai tsaya ya dogara da yawan ATP idan aka gwada da ADP, abin da ATP ke komawa bayan an yi amfani da shi, shi ya sa murɗin DNA ɗin bakteriya ke motsawa idan aka sauya mata gishiri ko aka hana ta iskar oksijin. Idan aka yanke ɓangaren nan mai naɗi, jaires yakan daina cusa ragi ya koma kamar sauran 'yan rukunin II.

Akwai kuma jaires mai komawa baya, wanda Kikuchi da Asai suka samo a 1984 daga Sulfolobus, halittar da ke rayuwa a maɓuɓɓugan ruwan zafi. Duk da sunan, ɗan IA ne da aka haɗa da wani ɓangare mai kama da helikes, yana cin ATP yana cusa tufkar ƙari. Shi ma sili guda yake nema, kuma zafi yana samar masa da shi.

Me ya sa halitta ke buƙatar wannan rabon aiki? Duba adadin. Zoben DNA ɗin E. coli yana da tagwayen haruffa wajen miliyan 4.6, wato silinsa sun sarƙe juna kusan sau 440,000, kuma dole a cire kowace sarƙa kafin ƙwayar ta rabu biyu. Na'urar kwafa, wato gungun furotin da ke kwafar DNA, tana raba silin da saurin haruffa kusan 1,000 a daƙiƙa, wanda ke tura zagaye kusan 100 na ƙari zuwa gabanta a kowace daƙiƙa. Idan ba a kwashe ba, tafiya ta tsaya. Karanta ƙwayar gado, wato kwafo RNA daga DNA, ma haka. Leroy Liu da Wang suka kawo bayani a 1987 cewa polimares na RNA, enzayim ɗin da ke wannan karatu, da yake ba ya iya zagaya DNA cikin sauƙi, yana tara ƙari a gabansa, yana barin ragi a bayansa. To kin ga yadda zaɓin kowane enzayim ya zama adireshinsa: jaires da topo IV suna samun aikinsu a gaba, topo I a baya. Ba sai an aike su ba, yanayin DNA ɗin ne ke kiran wanda ya dace.

Idan aka rasa topo I, ragin da ke bayan polimares yakan yi yawa har sabon RNA ya kutsa ya manne da silin DNA ɗin da aka kwafo shi daga gare shi, ya bar ɗaya silin a waje. Bakteriyar da aka cire wa topA, ƙwayar gadon da ke samar da topo I, ba ta girma sosai, kuma tun 1982 aka lura cewa waɗanda suka rayu sukan zo da wani sauyi na biyu da ya raunana jaires. Har ila yau murɗi yana juya yawan enzayim ɗin kansu. Rolf Menzel da Gellert sun nuna a 1983 cewa idan DNA ta saki, ana ƙara karanta ƙwayoyin gadon jaires. Na topA kuwa ragi mai yawa ne ke zaburar da shi. Ma'auni ne mai gyara kansa.

A ƙwayoyin halittarmu ba mu da jaires irin na bakteriya. Ragin da ke jikin DNA ɗinmu yana zuwa ne daga naɗin da take yi wa furotin histon: tagwayen haruffa 147 suna zagaya kowane dunƙule kusan sau 1.7 ta hannun hagu, kuma kowanne yana riƙe da ragin kusan 1. Wannan ragin a ɗaure yake, topo'aisomares ba ya jin sa sai an sauke histon ɗin. Wannan bambanci tsakanin murɗin da ke ɗaure da wanda ke sake yana da muhimmanci, kuma ana yawan tsallake shi. Ko a cikin E. coli kusan rabin ragin furotin ne ke riƙe da shi, don haka filasmid ɗin da kika tsarkake ya fi wanda ke cikin ƙwayar jin matsi.

Magunguna ma suna shiga ta nan. Siprofuloksasin da danginsa, magungunan kashe bakteriya, suna kama jaires da topo IV a daidai lokacin da suka yanka DNA, su hana ɗinki. A cikin magungunan cutar daji, etoposayid yana yi wa topo II namu haka, kamtotesin da 'ya'yansa irin topotekan suna yi wa topo I. Ɓarnar ta fi tsanani idan enzayim ɗin ya maƙale a gaban na'urar kwafa, domin ta zo ta yi karo da shi, yankan wucin gadi ya zama karaya ta dindindin. Kuma gaban na'urar nan shi ne yankin ƙari. Ɗakin Dekker ya ƙara nunawa a 2007 cewa topotekan yana rage saurin juyin da topo I ke bari, kuma ya fi ragewa a kan tufkar ƙari, har ƙarin ya taru. A ganina duk wanda ke gwada sabon magani a kan filasmid mai ragi kaɗai, don shi ne mai sauƙin samu, rabin labari yake ji.

Mu koma teburinki. Da farko, jel na yau da kullum ba ya bambance ragi da ƙari, duka biyun suna gudu da sauri saboda sun dunƙule. Ki zuba kulorokwin kaɗan a cikin jel da ruwan gudu. Yana kutsawa tsakanin haruffa yana sassauta tufka, sai mai ragi ya fara ja baya, mai ƙari ya ƙara sauri. A nan ne za ki ga sauran ragin da enzayim ɗin E. coli ya bari, a jere kamar matakalar tsani, kowane layi ya bambanta da maƙwabcinsa da Lk 1. Idan kika fara da layi guda da kika yanko daga jel, 'yan rukunin II za su ba ki tsani mai tsallake mataki ɗaya-ɗaya.

Na biyu, ki tabbata babu etidiyam, rinin da ake sa wa DNA don a gan ta a jel, a cikin DNA ɗin kafin ki zuba enzayim. Kowace ƙwaya tasa tana warware tufka da digiri 26, don haka yana iya shanye ragin filasmid ɗin har ya mai da shi mai ƙari, sai enzayim ɗin E. coli ya zauna ba aiki ki zata ya mutu. Ana ma amfani da wannan da gangan: a sassauta filasmid da na alkama a gaban etidiyam, a cire enzayim ɗin, a wanke etidiyam, sai a sami ragin da ake so gwargwadon yawan da aka zuba. Ki haɗa irin waɗannan guda huɗu ko biyar masu ragi daban-daban, ki ba enzayim ɗin E. coli kowanne na tsawon lokaci ɗaya, za ki ga da idonki inda saurinsa ke faɗuwa.

Na uku, ki raba kwalba biyu ki sa EDTA, sinadarin da ke kame magniziyam, a ɗaya. Na E. coli yana buƙatar magniziyam, zai tsaya cak. Na alkama zai ci gaba da aikinsa. Ki kuma rubuta zafi da yawan gishirin kowane gwaji, domin dukansu suna ɗan sauya tufkar DNA, kuma gishiri mai yawa yana sa silin su ƙi rabuwa, wanda ke sa enzayim ɗin E. coli ya tsaya da wuri.